Fangali Ukun da Na Sare a Dabaga

Na gaji da jin labarin nan a bakin waɗanda ba sa nan aka yi shi. Ko ranar sunan ɗiyar Hadiza, ina zaune wata ƴar uwa da ba a ma haife ta ba a shekarar tana gaya wa baƙi wai ni ce matar da ta sare wa wanta dawa a tsakiyar yunwa saboda rini. Ta faɗa tana dariya, suka yi dariya, ni ma na taya su don ranar farin ciki ce. To amma yanzu kawunku Sidi ya rasu, ni kuma gwiwa ta fara ƙin tashi, saboda haka ku ji shi daga bakin mai laujen. Na sare, ba na musu. Sai dai rabin labarin ake faɗa, ni kuma duka nake so ku riƙe.

Babana Alhusaini mai lambu ne a Dabaga, a bakin ƙoramar Telwa. Yana noma abin da kowa ke nomawa, alkama da tumatir da albasa, amma da karan dafi aka san shi. Ku da kuka tashi kuna ganin sa a bayan gida ba ku ɗauke shi a bakin komai ba. Dawa ce, amma ba don ci ake shuka ta ba, ƙwayarta ƙanana ce ga ɗaci, ko kaza sai ta rasa abin tsattsaga take kula ta. Amfaninta yana cikin kuben ganyen da ya rungume kara. Shi ake ɓarewa in ya bushe, a daka, a jiƙa da ruwan kanwa, sai ya saki jan da dukawa ke rina fata da shi. Karan dafi ba abin wuya ba ne, daga kudu ma ana kawo shi dami-dami. Na Baba ne dabam. Jansa mai duhu ne kamar hanta, kuma rana ba ta cin sa. Sirdin raƙumin da aka rina fatarsa da shi zai je Kawar ya dawo sau ba adadi, jan yana nan daram. Kakanmu ne ya zo da irin cikin gora tun yana saurayi, shi da Baba suka yi ta tace shi shekara da shekaru.

Tacewar kuwa da ido ake yi, sau uku. In an shuka da kwana kamar goma, tsiro ya kai tsawon yatsa, sai Baba ya tsuguna da safe ya dubi gindin kowane ɗaya. Mai jan gindi ya bar shi, wanda ya fito kore shar ya tuge ya jefa wa akuya. In kara ya kai ƙugu ya sake bi yana buɗa kube yana leƙawa. Na ƙarshe sai an yanke: ya ɓari kube ya tauna, ya tofa a tafin hannu, ya ɗiga ruwan kanwa, karan da ya fi rina masa hannu zangarniyarsa ce irin baɗi. Yana kuma da doka guda da ba ya sassautawa, cewa kada wata dawa ta yi bununi kusa da karan dafi. Bununi shi ne garin nan da ke zuba daga sabuwar zangarniya. Iska na ɗaukar sa daga wannan ta kai wa waccan, in ya gauraya sai ƴaƴan su fito da ja mai ruwa-ruwa, shekara biyu uku a nemi jan a rasa.

"Tazarar kira," haka yake ce mini. "In kika tsaya nan kika ƙwala kira, mai wata dawa ya amsa miki, to ya yi kusa."

Mu biyu Allah ya bar masa, Yaya Sidi da ni, kuma Yaya ya ba ni shekara shida. A al'ada shi ya kamata ya gaji aikin. Ba lalaci ya hana ba, don ban taɓa ganin mai aikin Yaya ba, shi ke bin takarkarin da ke ja mana guga tun asuba har hantsi bai ce wash ba. Amma a tura shi tsinkar tumatir ya ciko kwando da nunanne da ɗanye a haɗe. A sa shi cirar tsiro ya tuge masu jan gindi ya bar korayen. Baba ya yi faɗa har ya gaji.

"Kai dai hankalinka ba ya jikinka," Baba zai ce. "Tashi ka ba ni wuri. Ramatu, zo ki duba."

Yaya sai ya sunkuyar da kai ya koma bakin rijiya. Ni kuwa yarinya, daɗi ya kashe ni, har suna na sa masa, Sarkin Ɗanyen Tumatir. Allah ya yafe mini wannan.

Karan dafin nan ne ya kawo babanku ƙofar gidanmu. Baduku ne daga Agadez, kowace kaka yana zuwa sari, har wata kaka ya tafi da dami shida da ni. Har ya mutu yana tsokanata wai rini ya saya aka ba shi mace gyara. Muka zauna a tsohon gari, shi yana ɗinkin takalma da jakunkuna da kuben takobi, ni ina daka masa rini ina jiƙawa. In damina ta kama in tafi Dabaga in yi wa Baba cirar tsiro, don idonsa ya fara rauni.

Sai fari ya zo. Ba a rana ɗaya ya zo ba, damina ce ta yi ta ƙanƙancewa shekara bayan shekara har muka wayi gari Buzaye sun cika bayan gari, mutanen da muka sani da garke, ba ko akuya. Fata ta yi yawa a kasuwa amma ba ta da amfani, don fatar dabbar da yunwa ta kashe ba ta jimuwa da kyau. A Dabaga rijiya ta yi ƙasa, takarkarinmu ya kwanta bai tashi ba. Damina biyu Baba bai shuka karan dafi ba, ɗan ruwan da ake samu na abinci ne. Da sanyi ya shigo ciwo ya kwantar da shi, ya aika aka kira ni. Ya sa na ciro gorar irin daga inda take rataye, bakinta a toshe da tsumma, irin a cikin toka.

"Shekara uku yake yi a gora," ya ce. "Ta huɗu sai ki shuka ki ga ƙasa kawai. Biyu sun wuce."

Na ce, "Baba, ka warke ka shuka da kanka."

"Bar wannan magana. Sidi zai ba ki wuri ya ba ki ruwa. Ke ki duba, shi ba ya dubawa."

Bai kai bazara ba. A cikin bazarar ne muka ji a rediyon maƙwabcinmu cewa soja sun karɓi mulki. Ni ban san siyasa ba, abin da na gani shi ne kamiyo, manyan motocin kaya, sun fara shigowa da buhuna, aka raba mana tike, mu yi layi tun safe, soja na tsaye da bulala kada wani ya shiga gaban wani. Dawar taimako ake ba mu, ja, wadda ba mu taɓa ganin irinta ba. Wasu suka ce a ƙasar da ta fito dabbobi ake ba, tuwonta kuwa kamar yumɓu. Muka ci muka gode Allah.

Da damina ta zo Allah ya dube mu, Telwa ta kawo ruwa, rijiyoyi suka ɗan taso. Na ɗauki gora na tafi Dabaga. Yaya bai yi mini gardama ba, ya ba ni fangali biyu a ƙarshen lambu, wato ƴan gadajen nan da ake kewayewa da ƙasa don su riƙe ruwa. Na shuka da bismilla. Rabin irin bai fito ba, rabi ya fito. Na yi cira, na koma Agadez, don Hadiza tana goye, ga layin tike da ba ya jiran kowa. Bayan kamar wata biyu na samu kamiyon albasa na koma. Tun daga bakin shinge na hango abin da ban zata ba. Karan dafina ya yi tsawo ya yi ciki, yana shirin fid da kai. Dab da shi, ta gefen da iska ke fitowa, ga fangali goma sha ɗaya na wata gajeruwar dawa, ita har ta fara fid da nata. Ashe Yaya ya rage tiya biyu daga bakin ƴaƴansa, cikin dawar taimako, ya shuka bayan tafiyata.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Dawa mana," ya ce, yana murmushi, shi a dole ya yi abin kirki. "Kowa ya ce ja ce. Na ce to ga ƴar uwarta, su yi zamansu tare."

"Ja? Ƙwayar ce ja, karanta fari fat! Dubi kuben nan, dubi wancan. Tsakaninka da Allah ɗaya ne?"

Na ɓaro biyun na kai masa har hanci. Ya daɗe yana kallo, murmushin ya ɗauke.

"Duk dawa ce, Ramatu."

"Ka manta tazarar kira? Baba ko shekara bai yi a ƙasa ba, za ka kashe masa iri!"

"Baba ya tafi, ƴaƴana suna nan. Rini za su ci?"

Gaskiya ya faɗa. Yau na yarda, ranar kuwa ban ji komai ba sai taurin kai. Washegari Jumma'a ce. Da rana ta take ya tafi masallaci, matarsa Mariyama tana cikin gida da yara. Na ɗauki laujen Baba na shiga. Fangali uku na sare, waɗanda suka fi kusa da nawa, ban tsaya ko numfasawa ba. Da na miƙe ina haki sai iska ta kaɗa, na ga garin bununi ɗorawa-ɗorawa yana sauka a hannuna daga takwas ɗin da suka rage. Wayyo ni! Saran ukun bai hana komai ba. Ko in sare duka, ko in bari. Duka kuwa hannuna ba zai iya ba, don na ga wuyan yaran Mariyama.

Ina tsaye ina salati sai idona ya faɗa kan mayafina, da na rataya a kan wani karan dafi kafin in fara sara. Ya lulluɓe kan karan ruf, iska na kaɗa shi amma ba ta shiga. Na ruga na kwance ƙunshina, na ciro baƙin zanen shunin da aka kai ni ɗaki da shi, na yi ta kecewa. Na zaɓi karan da suka fi duhun kube, arba'in da ɗoriya, na ɗaure wa kowanne kai da ƙyalle, sakwa-sakwa yadda zangarniya za ta samu wurin fita a ciki. Wannan shi ne abin da ke cina har yau. Dabarar tana nan tun farko, sai da na yi ɓarna ta zo mini. Da na zauna na sha ruwa na huce, ko kara ɗaya ba zai faɗi ba.

Ina cikin ɗauri Yaya ya dawo. Bai yi ihu ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsuguna ya ɗauki zangarniya guda daga ƙasa, ya murza, ko ruwan nono ba ta yi ba.

"Gama ɗaurinki," ya ce. "In kin gama ki tafi. Kada ki sake taka lambun nan."

Da na iso Agadez na gaya wa babanku komai, ban rage ba. Ya ajiye basilla ya ce na yi laifi babba, kuma da shi aka bai wa gorar bai san abin da zai yi ba. Shi ya ce mu raba rabonmu na taimako biyu, mu riƙa aika rabi Dabaga. Sau biyu Yaya yana mayar da buhun ko kwancewa bai yi ba. Na uku Mariyama ta tare mai raƙumin a hanya ta karɓa, Allah ya ji ƙanta, mace ce mai hankali. Kai Abba, mai sunan babana, ka sha tambayata me ya sa a shekarar nan kunu sau ɗaya kuke sha a yini alhali maƙwabta na samun biyu. To ga dalilin, hannun uwarka ne. Autan Mariyama a lokacin, Bilal, ya rame har ina jin tsoron tambayar labarinsa. Ya rayu, shi ne mai tumbin nan da ke jan kamiyo zuwa Dirku. Da bai rayu ba, ban san da wane ido zan dube ku ba.

Ga rabin da ba a faɗa. Karan dafin nan yana bukatar ruwa na wasu kwana arba'in kafin ya nuna, damina kuwa ta ɗauke, takarkari babu. Yaya ne ya rataya igiyar guga a kafaɗa, yana bin hanyar da takarkarin yake bi a da, ya ja ya dawo, ya ja ya dawo, har kafaɗarsa ta saɓule. Mariyama ta ce yadda yake shayar da takwas ɗinsa haka yake shayar da biyun nawa, bai taɓa tauye su ba. In iska ta kwance ƙyalle ya tsaya ya ɗaure. Da kaka wani mai raƙumi ya sauke dami a ƙofar gidanmu, zangarniyoyin suna nan cikin guntayen zanena. Na tambaye shi ko akwai saƙo, ya ce babu.

Da wata damina ta zagayo babanku ya samo mini ɗan wuri a bakin Telwa, nan kusa da gari. Na shuka. Ranar kwana na goma na je da sassafe na tsuguna, ina tsoron dubawa. Na farko ja. Na biyu ja. Na bi layi har ƙarshe, korayen da na tuge ba su cika tafin hannu ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, sannan na tashi na koma gida na ɗora tukunya. Daga nan sai alheri. Dabbobi suka farfaɗo, Turawa masu yawon buɗe ido suka fara cika gari, duk badukun da ke son jan kirki ƙofarmu yake zuwa. Ɗakunan nan da kuka girma a ciki da karatun lakwal ɗin da kuka yi, daga gorar nan suka fito. Na ji daɗin duniya daidai gwargwado, ba na raina wa Allah. Abu guda ne ya tsaya mini a rai: shekara goma ni da Yaya sai gaisuwa a wurin ta'aziyya.

Wani farin ne ya haɗa mu, har lokacin soja ke mulki. Rijiyar Dabaga ta ƙafe ƙaf. Babanku bai shawarci kowa ba, ya samu mota ya je ya kwaso Yaya da iyalinsa ya sauke su a ɗakin zaure da na kusa da shi. Muna gida ɗaya, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. A shekarar ɗan fangali guda na yi a bayan ɗaki, ina ba shi ruwan wanke-wanke don dai iri kada ya mutu. Wata safiya ina cira sai na ji mutum ya tsuguna gefena. Yaya ne. Ya sa hannu yana taya ni. Raina ya yi fari, har na duba abin da yake tugewa.

"Haba Yaya! Har yanzu? Jajayen kake cirewa!"

Ya tsaya cak. Ya ɗauki tsiro biyu, ja da kore, ya jera su a tafinsa.

"Ramatu, don girman Allah, waɗannan biyun ba ɗaya ba ne?"

Na buɗe baki zan yi masifa, sai na dubi fuskarsa. Ba wasa yake ba.

"Tun ina yaro," ya ce. "Ina jin ku kuna cewa ja, kuna cewa kore, in duba in ga abu ɗaya, ƙasa-ƙasa. Da na zaci kowa cinta yake yi, ku dai kun fi ni sa'a. Da na gane kuma, wa zan gaya wa? Ɗan Alhusaini mai karan dafi ya ce ba ya ganin ja?"

Kwandunan tumatir suka dawo mini, da faɗan Baba, da sunan da na sa masa, da ranar da na kai masa kube biyu har hanci. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Da ƙyar na ce, "To me ya sa ka yi ta ba shi ruwa, abin da ba ka ko gani?"

"Baba ya ce akwai abu a ciki. Ke ma kin ce akwai. Ba ku taɓa yi mini ƙarya ba."

Na tashi na shiga ɗaki, don ba na so ya ga hawayena. A can na ga damin bara a jingine, kusa da wani na kasuwa da babanku ya sayo don gwaji. Na ɓaro kube ɗaya daga kowanne na fito. Na miƙa masa na kasuwa na ce ya tauna. Ya tauna ya tofar, ya ce kara ne kawai. Na miƙa masa namu. Yana taunawa ya yamutsa fuska.

"Kai! Wannan ya kama harshe. Bauri gare shi har maƙogwaro."

"To shi ne jan, Yaya."

Ya sake taunawa a hankali, ya lumshe ido. Sai ya fashe da dariya, yana yi yana share ido da hannun riga, bakinsa ya rine jawur bai sani ba.

"Ashe haka yake," ya ce. "Shekara hamsin! Da ma an ba ni na tauna."

Daga wannan kakar, tacewa ta uku ta koma hannunsa. Ni in duba tsiro, in duba kara, in an yanke a kai masa ya bi su ɗaya-ɗaya da harshe, ya ware wanda ya fi kama baki. In na ɗiga kanwa a kan zaɓinsa ba ya kuskure, sau da yawa ma ya fi idona. Ko bayan ruwa ya dawo, Yaya ya koma Dabaga, dami na zuwa masa kowace kaka, har shekarar da ya rasu. Na koma na taka lambun kuma, shi da kansa ya buɗe mini shinge.

Gorar tana hannun Hadiza yanzu, kuma irin da ke ciki zaɓin kawunku ne kamar yadda yake zaɓin Baba. In za ku ba da labarin, ku ce na sare fangali uku a kan kuskure, ku ce shi ya shayar da biyu da kafaɗarsa. In kuma wata rana kuka aiki wani yaro a zuri'ar nan ya ciko muku kwando da ɗanyen tumatir, kada wanda ya daka masa tsawa. Ku ɓari kube ku ba shi ya tauna.